Rasuwar 'Yar Toka, Wadda Aka Ɗura wa Maganin Nozul Tana Fama da Ƙishirwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni tsohuwar malamar kimiyya da ke gida na ƙarshe a layinmu, nake sanar da 'yan'uwa, da tsofaffin ɗalibaina, da masu gadin asibitin da suka saba buɗe mata ƙofa, rasuwar motata, wadda aka fi sani da 'Yar Toka. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gefen babban titi, tana da shekara ashirin da huɗu, bayan jinyar mako uku a hannun masu ilimin kallon waya. Ba na wurin lokacin da ta cika. Wannan ma yana cikin abubuwan da ban shirya yafewa ba tukuna.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai ƙarancin ci, marar son nuna kai. Ba ta taɓa yin tsere da kowa ba. Da safe takan gaishe ni da "kir-kir-kir" sau uku, sannan ta ce "vum", ta tsaya tana jira in gama gyara madubi. Ita ta kai ni makaranta shekara goma sha ɗaya ba mu makara ba. Ita ta kai maigidana asibiti a ciwonsa na ƙarshe, ta dawo da ni ni kaɗai, ba ta ce min uffan ba a hanya, wanda ya fi abin da mutane da yawa suka iya. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, amma ai kowa da halinsa.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da marigayiya take a wurina. Shekara biyu ke nan autata da mijinta suka gyara min ɗaki a gidansu, da labule sabo da tabarmar salla mai laushi. Duk zuwan da za su yi maganar ɗaya ce: "Mama, ki bar tuƙin nan, ki dawo wurinmu ki huta." Ni kuma amsata ɗaya ce, in ɗaga makulli in karkaɗa. Muddin 'Yar Toka na tashi, ni ke kai kaina kasuwa da asibiti da gidan ƙawata, ba na jiran sai wani ya taso daga ofis ya ga dama.

Ciwon ajali ya fara da tari. Takan yi "tuf, tuf" da safe, jikinta na rawa, sai ta ɗumama ta daidaita. Na kuma lura ruwan lagireto, wanda ke sanyaya inji, yana raguwa. Kwana biyu in ƙara, kwana biyu in tarar ya ja baya, alhali ƙasa a bushe take. Ban karanci mota ba, amma na shekara talatin da biyar ina koya wa yara cewa ruwa ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Na yi niyyar kai ta wurin tsohon bakanikenmu, wanda ya san cikinta fiye da yadda likitana ya san nawa.

Sai surukina ya zo. A gida ana ce masa Injiniya, domin ya taɓa gyara fanka. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a ofis. Ya saurari tarin yana gyaɗa kai, bai ko buɗe bonet ba, ya ce, "Mama, ai nozul ne suka toshe. Kowa ya san wannan. Kwalba ɗaya, an gama."

Kowa ya sani! Tun ina budurwa nake neman wannan Kowa ɗin in tambaye shi inda ya yi karatu, har yau ba mu haɗu ba.

Washegari ya kawo kwalbar, 'yar siririya mai dogon wuya, da hoton walƙiya a jiki. Na ɗauko tabarau na karanta bayanta. Wai tana wanke nozul, wato 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji. Wai tana ƙara ƙarfi, tana rage shan mai, tana maido da ƙuruciya. Saura kaɗan su ce tana sa yaro ya ci jarrabawa. Can ƙasa kuma, da rubutun da ko tururuwa sai ta matso, an ce sakamako na iya bambanta. Na san irin wannan jimlar. Ita nake rubutawa a katin ɗalibin da ba na so in ce wa uwarsa daƙiƙi ne.

Don kada a ce tsohuwa ta yi wa kwalba ƙazafi: ban ce ruwan banza ne zalla ba. In har ɗan datti ne ya taru a bakin nozul, kuma wani mai ido ya duba ya tabbatar, wataƙila ta taimaka, kamar yadda sabulu ke taimakon kwano. Amma wa ya duba? Abin da kwalbar nan take sayarwa ba wanki ba ne. Izini take sayar wa namiji ya ji ya yi gyara ba tare da baƙin mai ya taɓa masa hannun riga ba. Akwai mai babur a bakin layinmu da ke ɗura wa babur ɗinsa ita duk wata, babur ɗin da ba shi da nozul ko ɗaya, na kafireto ne tun na da. Na tambaye shi me take wankewa, ya ce, "Kaka, ai ji nake ya yi sauƙi." Na ce to, Allah Ya ƙara sauƙi.

A nan zan faɗi nawa laifin. Na buɗe baki zan ce wa surukina motar ruwa fa take sha, sai autata ta yi min wannan kallon na "Mama, don Allah, kar ki kunyata shi." Na haɗiye. Ni da na taɓa mayar da sufeton makarantu ya sake lissafi a kan allo gaban yara, na yi shiru saboda kallon yarinyar da na goya.

An ɗura kwalba ta farko. Tari bai tafi ba. Aka ce dattin ya daɗe, aka ƙara biyu a cikin rubu'in tanki. Kwana uku sai farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, mai kauri, mai ɗan ƙamshin zaƙi. Surukina ya tsuguna yana kallo kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya ce, "Mama, kin gani? Dattin ne yake fita!" Har hoto ya ɗauka ya tura wa abokansa, su ma suka taya shi murna. Jama'a, tururi ne. Ruwan cikinta ne yake shiga inji yana fita ta baya, ana tafa mata.

Ranar Talatar, ina wanka, ya zo ya ɗauki makulli a kan tebur. Wai ya ga an ce a waya sai an hau babban titi an ba ta wuta sosai maganin yake ratsa jiki. Baiwar Allahn da ba ta taɓa wuce sittin ba aka kai ta ɗari da ashirin, lagireto a bushe. Allurar zafi ta hau har ta kwanta a kan ja. Ya ce ya gani, ya ɗauka maganin ne ke aiki. Shi ya shaida mana kalmominta na ƙarshe: "ƙwas, ƙwas, ƙwas," sannan "kaf."

Da aka jawo ta gida, tsohon bakanike ya zo ya duba gawa. Ya ce gasket ne, wato abin da ke hana ruwa shiga cikin inji, ya ƙone tun farko, aikin yini guda da an kawo ta a kan lokaci; yanzu kuwa inji ya buga, kansa ya tsage. Na roƙe shi ya ciro nozul ɗin in gani. Ya jera su huɗu a kan tsumma, ya ɗaga ɗaya a rana, ya ce, "Malama, waɗannan ko amarya ba ta fi su tsabta ba." Ina taya Injiniya murna. Marigayiya ta koma da nozul masu ƙyalli.

Ta rasu ta bar taya huɗu da safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Da batir ɗan wata biyar, maraya. Da lema da ta ɓace ƙarƙashin kujera tun bara. Da kwalabe uku da babu komai a ciki, da ta huɗu cike, wadda aka saya don ƙarin lafiya. Ta kuma bar suruki guda, wanda har jiya yake cewa da an fara maganin da wuri da ba haka ba.

Jana'iza kuwa ranar Asabar ce da ƙarfe goma na safe, a ƙofar gidana, inda motar ja za ta ɗauke ta zuwa makwancinta wurin masu sayen tsohon ƙarfe. An keɓe wa surukina gurbi a baya, shi zai tura ta daga gareji zuwa titi, cikin fararen kayansa in ya so. Ba a buƙatar jawabi daga duk wanda ya ga wani abu a waya.

Autata ta bugo jiya, murya a sanyaye, ta ce tunda abin ya zo da haka, za su zo da akwatunan kwashe kayana ranar jana'izar, a yi aiki ɗaya. To, a ji da kyau. Za a karɓi gaisuwa a falona, a kan kujerata, ranar Asabar da Lahadi kawai, domin Litinin da safe bakanike zai kai ni in ga wata tsohuwar motar sayarwa mai giyar hannu da ya ce tarinta na gaskiya ne. Wanda ya zo da addu'a, ga wuri ya zauna. Wanda ya zo da akwati, ya bar shi a mota, kada ya wahalar da bayansa sau biyu.