Gemuna da Ruwan Ngwo

Ni da na yi iyo a kogin Haɗeja, ruwan da ke zubowa daga dutse a Ngwo ne zai tsorata ni? Muka hau kekuna daga unguwar Asata, ni da Sale mahauci, ina sanye da sabuwar riga mai rinin baba.

Sale ya ce, "Alhaji, tuɓe rigar nan tukuna."

Na ce, "Dattijo ba ya tuɓewa gaban jama'a."

Na shiga ƙarƙashin ruwan na tsaya ƙyam. Da na fito na goge fuska da hannun riga, farin gemuna ya koma shuɗi. Sale ya zauna daɓas don dariya.

Har yau a kasuwar Ogbete Alhaji Bula suke kirana. Su yi ta kira. Cikinsu wa ya shiga ruwan?