Rasuwar Mai Ido Uku, Waifai ɗin Gidan Malam Ubale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne guda a kan hanyar Sule Tankarkar, ni Malam Ubale, mazaunin ƙauyen nan na bayan Ɗanzomo, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa jingina da katangar gidana da waya a hannu, rasuwar na'urar waifai ta gidanmu, wadda muke kira Mai Ido Uku. Ta cika yau Alhamis bayan azahar, a kan cinyata, bayan gajeriyar jinya. Ta tafi a ranar da muka fi bukatarta.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a aljihun surukina Zayyad, mijin 'yata Amatullahi, tela a Damagaram. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba. A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Zayyad ya ce wannan za ta janyo sabis daga sama ta raba wa wayoyin gida, ba igiya ba zare. Na tambaye shi ta wace ƙofa maganar take shiga, ya ce ta iska. Tun daga ranar na daina ganin iska a matsayin abin da ba komai a cikinsa.

Mun sha yawo kafin a samar mata mazauni. An kai ta zaure, ta lumshe ido. An rataye ta a darbejiya, ido ɗaya ya buɗe. Sai da muka ɗaure ta a kan doguwar gora muka jingina da rumbu, sannan idanunta uku suka yi kore shar. A nan ta zauna, da tsohuwar ƙwarya a kife a kanta saboda rana da ruwa, tana cin abincinta daga batirin sola.

Ta kasance mai haƙuri da riƙon amana. Ba ta taɓa ɗaukar maganar wani ta kai wa wani ba, abin da ba zan iya shaidar dukkan mutanen unguwar nan a kansa ba. Ba ta da hayaniya. In ka kara kunne a jikinta za ka ji wani siririn kuka, "zzzii", kamar sauro a cikin tulu. Ni kaɗai nake jinsa, kuma na yi imani maganganun mutane ne ke wucewa a jere. Ta wurinta muke sanin yadda shanu suka kwana a kasuwar Maigatari tun fatake ba su dawo ba. Ta wurinta na ga wani kifi mai fitila a goshi.

Babban aikinta kuwa ya zo ne bayan an rufe kan iyaka. Amatullahi na da cikin fari, kuma a al'ada gida za ta zo goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. Uwarta Lauratu ta tara itacen wankan jego har ya fi tsayin dangar bayan gida. Sai hanya ta toshe, kuma mai tsohon ciki ba ta bin hanyar daji a kan babur cikin yashi. Marigayiyar ce ta zama hanyar. Kullum Lauratu na ganin fuskar 'yarta a waya, tana cewa, "Matso da ƙafar in gani. Kumburin nan bai yi mini ba."

Yau da hantsi saƙon muryar Zayyad ya shigo: "Baba, mun tafi asibiti. Tun asuba take fama, sun ce kan bai juyo ba. Ku sa mu a addu'a." Daga nan Lauratu ba ta sake ajiye wayar ba. Rana ta take, marigayiyar ta ɗauki zafi, idonta na tsakiya ya koma ja, tana kawowa tana ɗaukewa. Na sauko da ita, na ji jikinta kamar an ciro ta daga toka.

An yi mata abin da duk mai hankali yake yi wa jarkar ruwa a irin wannan zafi. An jiƙa buhun algarara an naɗe ta a ciki, an sa ta a inuwa inda iska ke bugawa. Ta ji daɗi, idanu uku suka dawo, wayar Lauratu ta fara juya ɗan da'irar nan ta alamar saƙo na tafe. Buhun ya soma bushewa. Lauratu ta ce, "Malam, ƙara mata, kada ta sake ɗaukewa!" Aka ƙara mata moɗa guda. Ta ce "tsss", ta ƙyafta, ta rufe idanun gaba ɗaya.

Ba a yi sakaci da jinyarta ba. Na kife mata ƙwarya na yi ta bugawa a hankali, yadda ake yi wa ɗan tsakon da ya suma. Na sha tayar da 'yan tsaki da wannan hannun. Na ɗaga ƙwaryar, ba motsi. Na sake. Ƙanena Ɗanjuma, mai acaba, ya ce, "Yaya, kaza ce? Ba ni layin da ke cikinta in sa a wayar Lauratu, in je Sule Tankarkar inda sabis yake."

Na hana. Saƙon nan ya riga ya baro Damagaram, na ga alamarsa da idona, bai kuwa iso waya ba. To ina yake, in ba a cikinta ba? In aka buɗe ta ya fice ya bi iska, wa zai kamo shi? Lauratu ta dube ni, ta ce, "Malam, ko ka ba shi, ko in buɗe ta da taɓarya." Na ba shi. Ya tafi da layin da wayar, ya bar mu da gawa.

Marigayiyar ta rasu ta bar wayoyi huɗu, duk marayu. Ta bar gora da ƙwarya da batiri mai cikakkiyar lafiya. Ta bar maƙwabta da dama waɗanda suka ce inuwar katangata suke so, ga shi yau inuwar na nan ba kowa. Ta bar Lauratu, wadda ke tsaye a bakin zaure tun tafiyar Ɗanjuma, ba ta ci komai ba. La'asar ta wuce. Duk babur ɗin da ya taso daga yamma sai alƙalamin nan ya tsaya. Biyu sun wuce, ba shi ba ne. Kan bai juyo ba, in ji Zayyad. Ga wani can ya taso.

Shi ne. Ya faɗo gidan ko sallama babu, ya danna wayar a tsakar gida. Da farko kukan jariri, mai ƙarfi, mai faɗa. Lauratu ta riƙe bango, don kukan jariri ba ya faɗin halin uwarsa. Sai muryar Amatullahi, can ƙasa: "Inna, mace ce. Inna, ruwan wankan nan, dole sai ya yi zafin da kike faɗa?"

Ɗanjuma ya duba ya ce saƙon ya taso tun kafin a ƙara moɗar nan. Na ce masa ai na faɗa. Biyu ne suka yi naƙudar labarin nan yau, ɗaya ce ta tashi.

Za a yi jana'iza gobe bayan an sauko daga Juma'a, a gindin rumbu, cikin kwalin da ta zo da shi. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya harare ni. Wanka kuwa an riga an yi mata. Za a bar gorar a tsaye. Lauratu ta ba da uzuri, da sassafe za ta hau bayan Ɗanjuma zuwa inda sabis yake, ta koya wa dangin mijin Amatullahi dama kunun kanwa ta waya. Masu zuwa ta'aziyya su taho da barka a baki ɗaya, kuma don Allah kada kowa ya zo da ruwa.