Layin da Atika Ta Ƙi Bugawa

"Sannu da aiki, baiwar gidanmu. An gama mini takardata?"

Atika ba ta ɗago kai daga tafireta ba. "Wa ya buɗe wa wannan ƙofa? Tsaya daga nan, kada ka ɗiga mini baƙin mai a siminti. Kuma in ka manta in tuna maka, ubana ne namiji, uwarka ce mace. Kai ne bawa tun kafin a yanke maka cibi."

A watan Mayun 1983 ne aka yi wannan, a ofishin wani kamfanin jimar fata da ke Challawa. Atika ce mai buga takardu, Uwaisu kuma bakaniken da ke kula da janareta. Taubasai ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Sauda, ƙanwar mahaifinta ce, kuma a layi ɗaya suka tashi a Panshekara. Duk kamfanin an san tsiyar da suke yi wa juna, har leburori kan rage tafiya in sun zo wucewa ta tagar ofis. Amma ranar Atika ba da wasa ta tashi ba.

Manajan kamfanin, wani Bature ɗan ƙasar Girka, ya yi shatar ƙaramin jirgin ruwa a can ƙasarsu, irin mai ƙyalle da iska ke turawa. Bayan sallah zai yi sati uku a ciki da iyalinsa, suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Akwai inji a jirgin saboda ranar da iska ta ƙi, shi kuwa bai yarda da hannun kowa a kan inji ba sai na Uwaisu, har fasfo ya sa aka yi masa. Abin da ya rage takarda ce guda da masu jirgin suka aiko a cike wa kowane matafiyi, direba zai kai ta gidan waya da ƙarfe huɗu. Atika ta buga suna, ta buga shekaru da lambar fasfo, ta zo layi na tara ta tsaya. Layin yana tambaya ne ko mutumin ya iya ruwa. Bature ya riga ya sa alama da fensir cewa ya iya, saboda abin da Uwaisu ya gaya masa ke nan.

"Saura layi ɗaya," in ji ta.

"To buga mana. Ko sai an kawo miki makaɗa?"

"Jira nake ka gaya mini a wane kogi ka koya."

Uwaisu ya goge hannu a tsumma. "A bakin Challawa aka haife ni."

"Ni ma a bayan gareji nake kwana shekara shida, ban iya tuƙi ba. Kai da ko wanka za ka yi sai Ladidi ta rage maka ruwan bokiti."

"Ki fitar da matata daga ciki."

"Ita ta shigar da kanta, ita ta ba ni labari. Bara da ruwan sama ya cika harabar nan, wa aka samu a kan janareta yana salati? Masu gadi biyu ne suka sauko da kai."

"Janaretan nake karewa."

"Da takalmanka a rataye a wuya."

"Hassada ce kawai ke cin ki, Hajiyar tafireta. An kai ki sakandare, an koya miki sunayen tekuna kin haddace, ga shi bawan naki ne zai je ya gani da ido. Ke iyakar tafiyarki Zariya, ita ma tun daga Kwanar Dangora kike amai a gyalen mutane."

"Za ka gan shi kam. Har ka sha."

"Bakinki ya sari ƙarfe."

"Ya sara. Amsa mini tambayata."

Uwaisu ya jawo kujerar baƙi, ya juya ta, ya zauna ba a ce masa ba. "Wai ke ba ki da lissafi ne? Ni a gindin inji zan zauna. Wa ya ce zan sauka? Wanda zai hau jirgin sama, ana tambayarsa ko ya iya tashi?"

Atika ta buɗe durowa ta fito da hotunan da suka zo tare da takardar, ta watsa masa a kan tebur. "Duba. Faɗinsa bai kai zauren Baba ba. Ina katanga? Waccan 'yar wayar iya gwiwa ita ce katangar. Ga jirgin ya kwanta gefe guda, ga wani tsaye a baki yana washe haƙora. Shi ya iya ruwa, shi ya sa yake dariya. Kai in ƙafarka ta zame, ka san abin da za su yi? Tsayawa za su yi suna miƙa maka hannu daga sama, suna jira ka iyo ka zo. Babu mai tsalle don kai, tunda takarda ta ce ka iya. Takardar da ni Atika na buga."

"Allah ba zai sa in zame ba."

"Allah ka gaya wa ka iya ruwa, ko Bature?"

Ya ture hotunan. Fuskarsa ta fara sauyawa. "Kin san abin da zai faru in kika buga ban iya ba? Garba na Wudil zai ɗauka. Garba da ke kwance noti da guduma. Shekara tara ina kwana da janaretan nan, ko sallah ba na cire rigar aiki. Sau ɗaya a rayuwata an ce Uwaisu zo ka ga duniya, sai 'yar kawuna ta zauna a kan hanya da faratanta masu lalle."

"Garba kifi ne. Ya je."

"Sai ki aure shi."

"Ina da miji, kuma shi bai taɓa yi wa uwarsa ƙarya ba. Me ka gaya wa Gwaggo?"

Uwaisu ya kalli agogon bango. Uku da kwata.

"Da kai nake, bawa."

"Na ce kwas ne. A Turai."

"Kwas." Atika ta cire tabarau ta ajiye. "Shi ya sa jiya ta tare ni a ƙofar gida tana ta murna, wai in tambayar mata ko ana sanyi a ajin, ta saya maka suwaita a Sabon Gari. Na tsaya ina kallon tsohuwar nan kamar in nutse a ƙasa. Ka ce da ita aji. Ba ka ce da ita ruwa ne gabas, ruwa yamma, babu ko bishiya ba."

"In na ce ruwa, ba za ta bar ni ba."

"Ka san dalili."

"Atika."

"Ka san dalili, ko in tuna maka shi ma?"

"Kada ki fara. Wannan ba ya cikin wasa."

"Yau wa ya ce maka wasa nake?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ni Yaya Ɗahiru ya miƙa wa rigarsa. Ina da shekara bakwai. Ya ce riƙe mini, yanzu zan fito. Shi ma a bakin Challawa aka haife shi, ciki ɗaya da kai, kuma shi har ya ɗan iya. Na riƙe rigar nan har aka kira magariba, sai da Baba ya ɓamɓare yatsuna daga jikinta. Yanzu kai kuma ka zo ka miƙo mini takarda ka ce in riƙe maka."

Tun ranar da kogin ya ci Ɗahiru, Gwaggo Sauda ta sa Uwaisu ya yi mata alkawari ba zai ƙara sa ƙafa a ruwa ba, kuma shekara ashirin bai saɓa ba. Atika ta san wannan, ta kuma san ba a ambaton sunan a gabansa. Ta ji nauyin abin da ta yi, amma ba ta janye ba.

Uwaisu ya miƙe. "Kin ɗauka ke kaɗai ke tunawa? Ni ne nake zagayawa ta gada in yara na tsallakawa da ƙafa. Ni ake nunawa a ce ga gardin da ke tsoron kududdufi. Na gaji, Atika." Ya miƙa hannu. "Ba ni takardata. Akwai tafireta a ofishin sito, Talatu za ta buga mini."

Atika ta murza abin nan na gefe, takardar ta fito, ta miƙa masa. "Ga ta. Je ka. Amma ba da yatsuna ba. Kuma in ka tashi tafiya kada ka biyo ta gidana sallama."

Ya fizge ya nufi ƙofa. Ta sa wata farar takarda a tafireta ta shiga bugawa da ƙarfi, ba tare da ta san me take bugawa ba. Ba ta ji ƙarar ƙofa ba. Da ta saci kallo sai ta gan shi tsaye, hannu a kan mariƙi, yana duban takardar kamar ya iya karanta Turancin da ke ciki. Ya daɗe a haka.

Can ya dawo ya ajiye ta a gabanta.

"Talatu da yatsa ɗaya take bugu," in ji shi, yana kallon gefe. "Kafin ta gama an rufe gidan waya."

"Me zan buga?"

"Ke kika sani."

"A'a. Da bakinka."

Ya ja dogon numfashi. "Buga ban iya ba. Muguwa."

Ta mayar da takardar, ta daidaita layin, ta danna haruffa biyu, a'a da Turanci. Ta zare, ta sa roba ta goge fensirin Bature. "Kai za ka kai masa, kafin direba ya zo. Ka gaya masa da kanka."

"Da wane Turancin? Ni Turancina sunayen sifana da noti ne."

"Ƙaryar da wane yare ka yi ta?"

"Da hannu na nuna masa." Ya ɗan kaɗa hannuwa kamar mai iyo, baƙin mai ya ɗiga a siminti.

Atika ta danne dariya, ta ɗaure fuska. "Zan bi ka in fassara, don kada ka ƙara wata. In ya ce Garba, to Garba, kada in ga hawaye. Amma saurara. Ado, wan maigidana, masunci ne a Tamburawa. Ranar Lahadi da safe za ka je wurinsa. Yanzu kogin ya janye, akwai inda ruwan bai wuce ƙugu ba. Saura sati biyar azumi. Zai ɗora ka a kan gora yadda yake koya wa 'ya'yansa, har ka daina shan ruwa."

"Inna fa? Na yi mata alkawari."

"Ni zan je wurin Gwaggo. Zan gaya mata jirgin, zan gaya mata gorar. Za ta zage ni ta yi kuka, wataƙila ta ƙi. Amma ni ce na riƙe rigar, in akwai wanda za ta saurara a kan maganar nan, ni ce."

Uwaisu ya tsaya yana kallonta. Sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga haɓa. "Gora. Ni da fasfo a aljihu, za a kifa ni a kan gora a gaban yaran Tamburawa."

"A gabansu da iyayensu. Ni ma zan zo da kujerata da gyaɗa."

"Wallahi in na nutse a ruwa iya ƙugu, fatalwata a durowarki za ta tare."

"Ta zo da tsintsiya, dama ofishin na son shara. Ɗauki takardar ka shige gaba. Tun yaushe bawa ke bin bayan uwargijiyarsa maimakon ya yi gaba ya buɗe mata ƙofa?"

Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun da ya shigo. Ya goge hannunsa sosai a jikin wando, ya ɗauki takardar da yatsu biyu, ya buɗe mata ƙofa.

"Ranki ya daɗe," in ji shi. "Amma in kin fassara, ki bar zancen janaretan nan."