Ranar da Na Rufe wa Masu Zane Taga

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. In ɗauki waya in ajiye, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron masu ilimi su yi min dariya. Amma tunda ba zan taɓa mantawa da abin ba, gara a ji shi daga bakina.

Ina aiki a wata gonar dabino a Awali, nan Madina. Bara kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba wasu samari masu zane aron tsohon ɗakin ajiyar dabino, na gwaji. Babbansu Bandar ne, jikan Hausawa, haifaffen nan Madina, a Ingila ya yi karatu. In na yi masa Hausa sai ya amsa rabi da Larabci. Da farko hankalina bai kwanta ba (har na yi ta tunanin ko kai musu shayi ma laifi ne), sai na ga babu mutum babu dabba a zanensu, launi ne da layi. Ɗayansu ya zana duwatsun Harra na gefen gari da baƙi da ja kawai, amma wallahi kana kallo kana jin zafinsu a tafin ƙafarka.

Bandar ya ce min a da haka masu zane suka yi a Landan. Suka tare a ɗakuna jere da juna, shayi tare, gardama kullum, har sabon salon zane ya fito daga cikinsu. Irin ɗakunan can suke son yi. Sai suka fasa bangon arewa suka sa ƙaton gilashi.

Nan damuwata ta tashi. A Madina wa yake buɗe wa rana ƙofa? Abinci ma ya ƙi shiga. Ranar da kafil zai zo da baƙinsa ya duba aikin, ya yanke ko su zauna ko su tashi, samarin duk suka fita tarbarsu. Na ɗauko koriyar ragar da muke yi wa ƙananan dashe inuwa, na ninka ta, na hau tsani na rufe gilashin tsaf. Har na yaba wa kaina.

Suka shigo tare. Bango kore, jan Harra ya koma kamar ruɓaɓɓen dabino, kafil da farar jallabiyarsa ya zama kamar ganyen alayyafo.

"Wa ya yi wannan?" in ji kafil.

Na matso da tiren shayi ina washe baki. "Ni ne, ya Shaikh. Kada rana ta dafa su."

Bandar ya dafe kai. "Ya Ammi, Allah yahdik! Rana ba ta faɗowa ta arewa. Haske ne kawai, mai laushi, ba ya canjawa. Don shi muka fasa bangon!"

A gaban kowa na sake hawa tsanin, ina cewa a raina na kori bayin Allah daga ɗakinsu. Ragar na faɗuwa, launukan suka farka gaba ɗaya. Kafil ya daɗe tsaye gaban zanen Harra yana kallonsa.

"Khalas, ku zauna," ya ce. "Amma ku ɓoye wa wannan tsani."

Tun daga ranar, kafin in taimaki mutum sai na tambaye shi ko yana so.

Don Allah wanda ke zaune a Ingila ya sanar da ni: ɗakunan nan suna nan har yanzu da tagoginsu? Kuma su ma sun taɓa samun mai taimako irina?