Sitarni Ba Ta Ci, Sha Take

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren autata Ramatu ba. Ko na so in manta ma ƴan fadarmu, inda muke zaman shayi da hira, ba za su bari ba, don akwai mutanen da Allah bai ba su wata sana'a a Gaya ba sai ajiyar abin kunyar wani. Gara in faɗa muku da bakina kafin su kawo muku shi da ƙarin gishiri.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya. Lokacin siriri ne ni kamar gorar da masunta ke tura jirgi da ita. Da bayana ya fara ciwo sai na sauka daga mota, na koma zaman benci a bakin tasha ina haɗa direbobi da masu kaya. Zama, shayi, gardama, shi ke nan aikin. Tumbi ya shigo mini a hankali kamar baƙon da ya ce kwana biyu zai yi, ya share shekara goma. Tanimu mai awon shinkafa, abokina tun lekol, wato makarantar boko (rana ɗaya aka kore mu a aji shida, amma har yau yana magana kamar ya ga jami'a), shi ya raɗa mini Sitarni, sunan motar dakon mai. Sunan ya bi ni har ƙofar masallaci.

A ƙasan akwatina akwai wani kaftani na shuɗiyar shadda. Shi na sa ranar da aka ɗaura aurena da uwar Ramatu. Akwai ma hoto: ina tsaye bisa gadar Malanbil, iska tana ɗaga gefen rigar, kogi shimfiɗe a bayana kamar an zuba narkakkiyar azurfa. Wannan yaro na cikin hoto bai san ciwon baya ba, bai san mai mota zai sallame shi ko sannu babu ba. Kallon nesa yake yi kamar duk hanyoyin duniya nasa ne.

Wata uku kafin bikin, Ramatu ta ci karo da hoton tana gyaran kaya.

"Baba, wai da gaske kai ne wannan?"

"A'a, maƙwabci ne," na ce.

Ta yi dariya, ta daɗe tana kallon hoton. "Da ma a ce wannan rigar za ka sa ranar fatihata."

Ita wasa take. Ni ne maganar ta shige ni ta ƙi fita. Kashegari na je fada na buga ƙirji, na ce da wannan kaftani zan aurar da ɗiyata.

Tanimu ya ajiye kofin shayinsa. "Ran da ka shiga rigar nan, ni kuma zan shiga kwalbar turare in rufe kaina da murfi."

Na je likita wurin Majo, babban malamin jinya na unguwarmu. Bazabarme ne mutumin Dosso, mutumin kirki, amma Hausarsa gajeriya ce kamar allurarsa. Ya ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ya kalli lambar, ya kalli cikina, ya girgiza kai.

"Baba, sai rejim. Rage ci. Sha da yawa. Tafiya da ƙafa kullum da safe."

Abu uku. Na ƙirga su da yatsa don kada in manta. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma in aka ba ni doka ina bin ta, shekara ashirin ban taɓa tsallake shingen duwan, wato ƴan kwastan, ba.

Na rage ci, Allah shaida ne. Malmala uku ta tuwo ta koma ɗaya, ɗayar ma kamar ƙwan zabo. Na bar tsire. Na bar soyayyar doya da ake kawowa daga tsallaken kogi, wadda da can ko a mafarki ba na wuce ta. In an kawo shinkafa da wake sai in juya baya kamar mun yi faɗa.

Tafiya kuwa, ita ce abin da ban yi tsammanin zan so ba. Ana sallame asuba nake kama hanyar kogi. A wannan lokaci ruwa bai farka ba tukuna, hazo yana kwance a kansa kamar mayafi. Jiragen masunta suna fitowa daga cikin hazon ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, ka ce ba a kan ruwa suke ba, a iska suke yawo. Balbelu suna sauka cikin fadamar shinkafa. Ni kuma ina tafe ina haki, amma a cikin kaina ba ni da nauyi ko kaɗan. Ina ganin kaina ranar fatiha, na fito daga zaure cikin shuɗiyar shadda, mutane suna raɗa: "Wane ne wannan saurayi? Ƙanin uban amarya ne?" Ina ganin Tanimu yana neman kwalbar turare. Wata rana na yi nisa cikin wannan tunani har na gaida wata bishiyar giginya, na ce mata "Lafiya lau, na gode da zuwa."

Saura doka ta biyu. Majo ya ce a sha da yawa.

To, a kan hanyar dawowa daga kogi akwai wata Bafillata da ke sauke ƙwaryarta gindin mangwaro. Fura dai kowa ya san shan ta ake yi. Nakan sa a dama mini ƙwarya guda da kindirmo, a zuba sukari kada ta yi tsami. In na iso tasha, shayi mai madarar gwangwani yana jira. Da hantsi masu rake sun iso daga wajen Yelu, ni kuwa ban taɓa jin wanda ya ce ya ci rake ba, sanda biyu ba ta yi mini wuya. Mangwaro shan sa ake. Kankana shan ta ake. Kunun gyaɗa, fate, zuma, duk Bahaushe ya riga ya yanke musu hukunci tun kafin a haife ni. Da la'asar kuma akwai mai romon kifin Tunuga. (Gutsattsarin kifin da ke ciki ban sa su a lissafi ba, rakiya suka yo wa romon.)

Uwar Ramatu ta kalle ni wata rana ina kan kofi na uku na kunu.

"Malam, tun da ka fara rejim ɗin nan ban huta da wankin kwanoni ba."

"Ke kika yi karatun likita ko Majo?"

"A'a, ni dai wanki na sani," ta ce, ta kwashe kwanonin.

Bayan wata biyu na je rumfar Tanimu da niyyar in rufe masa baki. Na tuɓe takalmi, na cire hula, na ajiye salula da makullai, na hau ma'aunin da yake auna buhunan shinkafa. Ya tura ƙarfen, ya ƙara turawa, ya leƙa, ya goge ido.

"Sitarni, kilo uku."

"Alhamdu lillahi."

"Sun ƙaru nake nufi."

Na ce ma'auninsa na da aljanu, na ce da shi yake cutar manoma. Ya ce ma'aunin bai taɓa yi wa buhu ƙarya ba, bai ga dalilin da zai fara a kaina ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, yana faɗin haka yana cin ƙosai da burodi, mutumin da in ya juya gefe ba ka ganin sa. Duniya ba adalci. Wani ya ci tukunya guda ya tashi kamar tsinke, ni na yi wata biyu ina kallon tuwo kamar haram, ga sakamako.

Sai na ce tafiyar ce ba ta isa ba. Na ninka ta, har bayan fadamu nake kaiwa. Tafiya ta ƙaru, ƙishi ya ƙaru. Ƙwaryar fura ta koma biyu.

Ranar ta zo. Da sassafe uwar Ramatu ta shimfiɗa mini sabuwar babbar riga a kan gado, ta ce in rufa wa kaina asiri. Na ce kaftani. Muka shiga kokawa ni da ita da rigar. Na ɗaga hannu sama, na haɗiye numfashi, na tsuke ciki har na ji hanjina ya gaisa da ƙashin bayana, ita kuma tana ja daga ƙasa tana salati. Can sai rigar ta sauka. Ta shiga. Ban iya sauke hannuna sosai ba, maɓallin wuya kuma ba a ma yi zancensa ba, amma ta shiga.

Ramatu ta leƙo daga ƙofar ɗaki da lalle a hannu. Ta dafe baki.

"Baba! Ka shiga!"

Idonta ya kawo ruwa. Wallahi a wannan lokaci ko madubi ban nema ba. Na ji iskar gada a fuskata.

Na fita waje ina tafiya kamar mai ɗauke da bokiti cike da ruwa. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, dangin ango sun iso daga Jinju, maƙwabta sun cika, har Majo ya zo. Tanimu ya kalle ni sama da ƙasa, bakinsa ya mutu. Wannan shiru nasa ya fi mini duk tsiren da na bari daɗi. Na yi ta gaisawa da mutane a tsaye, ina numfashi kaɗan-kaɗan ta saman ƙirji.

Sai liman ya ce, "Uban amarya, bismilla, zo nan kusa da ni."

Ban taɓa tunanin zama ba. Wata uku ina mafarkin wannan rana, kuma a duk mafarkin a tsaye nake. Na sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, kamar raƙumi mai kayan ƙwai. Rigar ta yi ɗan kuka a hammata, amma ta riƙe. Aka yi siga, aka raba goro da dabino, liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Mikro yana hannun mai sanarwa, dab da kafaɗata, lasifikarsa kuma tana fuskantar cikin gida don mata su ji.

Addu'ar ta yi tsawo, muryar liman tana da sanyi. Na lumshe ido. Sai ga ni bisa gada, kogi yana walƙiya, hazo yana tashi, yaron nan na hoto ya juyo yana yi mini murmushi kamar ya ce, ashe ka iso. Na ji daɗin da na shekara ban ji ba. Na manta da ciki. Liman ya ce fatiha, na ja numfashi cikakke irin na mutumin da ya huta, na ce "Amin."

Ƙeeeet!

Daga hammata har gwiwa, dama da hagu, kamar an shirya. Bayan ma ya buɗe. Lasifika ta ɗauki ƙarar ta kai wa mata har madafa. Tumbi ya fito ya zauna a kan cinyata cikin farar singileti, ya huta abinsa.

Wani tsoho daga dangin ango, wanda ba ya gani sosai, ya ce, "Wa ke yanka yadi ana fatiha?"

Sai muryar Tanimu daga baya: "Jama'a, a kashe taba, sitarni ta fashe!"

Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya a yagewar riga. Amma kunya ta koma fushi, fushin kuma ya nemi wanda zai faɗa wa. Na nuna Majo da yatsa a gaban kowa.

"Majo, kai ka cuce ni! Wata uku ina bin maganarka. Na rage ci, na yi tafiya har takalmina ya cinye, na sha da yawa, ga abin da na samu!"

Ya matso, fuskarsa da damuwa ta gaskiya. "Baba, mi kake sha?"

Ni kuma, don in kafa masa hujja, na shiga jerowa. Fura. Rake. Kunun gyaɗa. Shayi mai madara. Mangwaro. Fate. Zuma. Romo. Ina faɗa ina lanƙwasa yatsu, mai sanarwa kuma (Allah ya isa tsakanina da shi) bai janye mikro ba.

Majo ya ɗora hannu biyu a ka, har Zabarmanci ya kuɓuce masa. "Ruwa, Baba! Hari! Ruwa na ce ka sha!"

"Ba ka ce ruwa ba. Sha ka ce."

Liman ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Daga cikin gida na ji wata ta fasa guɗa, ban sani ba ta aure ce ko tawa ce. Tanimu ya share hawaye ya ce, "Ku bar shi, da gaskiyarsa. Ai sitarni ba ta ci, sha take."

Uwar Ramatu ta aiko da babbar rigar nan da na ƙi, a ninke. Na zura ta a kan tsummokaran, na ƙarasa gaisuwa kaina a ƙasa. Abin da ke cina shi ne yarinyar, na ce na ɓata mata ranarta a gaban surukai. Da yamma kafin a tafi da ita na shiga yi mata sallama. Ta ɗaga mayafi, idonta ya kumbura da kukan amare, amma bakinta yana rawar dariya.

"Baba, ai ka shiga, na gani da idona. Ni ban ce ka zauna ba."

Yanzu tunda ni da ku ne, bari in faɗi gaskiya. Can ƙasan zuciyata na san ruwa Majo yake nufi. Tun ƙwaryar farko na sani. Na dai samu ƙofa a cikin Hausa na bi ta ciki, ina tsammanin jikina ma zai bi ni. Ashe tumbi bai yi lekol ba ko aji ɗaya, bai san bambancin ci da sha ba, duk abin da ya sauko rijista ɗaya yake yi masa.

Har yau ina zuwa bakin kogi da asuba, da gorar ruwa a hannu, ruwa zalla, ina wuce Bafillatar nan ina kallon gabas. Ma'aunin Tanimu ya fara sauka, a hankali kamar mai jin nauyin ba ni gaskiya. Kaftanin kuwa uwar Ramatu ta yanka shi ta yi rigar matashin kai. A kansa nake barcin rana, kuma in ba ku labari, a can har yanzu yana yi mini daidai.