Yadda Jakada Ya Haɗa Kan Layi

Duk wanda bai san Jakada ba, to bai taɓa shan ruwan sanyi a layin nan ba. Shi ne mai gidan ƙanƙara, mai ɗakin sanyin da ya fi falon wasu girma, mutumin da ko gaisuwa zai amsa sai ya gyara murya. Sunan Jakada kuwa shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya raka wani ƙaninsa filin jirgi ya dawo yana ba da labarin ƙasashen waje.

Da aka fara gasar wasannin ƙanƙara ta duniya, sai Jakada ya ɗauki abin kamar a gidansu ake yi. Bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ido da ido ba, amma ina ruwansa? Tun yana saurayi yake saran ƙanƙara, don haka duk wanda ya zame a kanta a faɗin duniya yaronsa ne. Abin da ya fi sosa masa zuciya shi ne yadda 'yan wasan ƙasashen da ba sa ga maciji suke rungumar juna bayan tsere.

Abin ya zo daidai da zaɓen shugaban 'yan kasuwar layin, kujerar da Jakada ya ƙwallafa wa rai har ya riga ya ɗinka rigar rantsuwa. Layin kuwa a rabe yake. Teloli da makanikai ko sallama ba sa yi wa juna, saboda baƙin man da ke malalowa har ƙofar shagunan ɗinki. Sai gwanin namu ya gayyaci kowa kallon gasar ranar zaɓe, kafin a ɗaga hannu. Kuma ba a falo ba. A cikin ɗakin sanyi ya kafa talabijin, ya jera benci tsakanin tulin ƙanƙara, domin a cewarsa wasan sanyi ba a kallonsa ana gumi.

Jama'a suka shigo da 'yan rigunansu na shan iska. Jakada ya maida ƙofa garam, don a sana'arsu ƙofar nan ba ta kwana a buɗe ko wa ya shigo. Shi kam yana cikin rigarsa ta aiki mai kaurin katifa, da safar hannu. Ya tsaya a gaban talabijin ya tare rabinta.

"'Yan'uwana, ku dubi bayin Allahn nan! Ga fari ga baƙi, kowa da tutarsa, amma zuciya ɗaya. Ku dubi waɗancan da tsintsiya suna share wa dutse hanya. A can mai shara ma zinare ake rataya masa! Mu me ya hana mu?"

Ya ga kawuna suna kaɗawa, ya ce an gamsu. Ya ga idanu sun kawo ruwa, ya ce jawabi ya ratsa jiki. Sai ya ƙara wuta.

Babban tela, dattijon da haƙoransa ke karo da juna, ya ɗaga yatsa. "Ranka ya daɗe, a ɗan buɗe mana ƙofar mana."

"Haba Baba, sanyin ya fita? Saura wasan zamiya!"

Can sai shugaban makanikai ya jawo tamfol ɗin da ake rufe ƙanƙara da shi, ya yafa wa kansa, ya yafa wa dattijon. Kafin ka ce me, teloli da makanikai sun cure wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, suna ƙus-ƙus. Daɗi ya kashe Jakada, har ya share ƙwalla da safar hannu.

Da ƙofa ta buɗe kowa ya ranta a na kare sai gidan burodin da ke maƙwabtaka. Mai burodin ya matsar da tire ya ba su wuri a bakin tanda. Nan aka yi zaɓen.

Aka kira sunan Jakada. Ko hannu ɗaya bai tashi ba, duk suna cuse a hammata. Ya yi murmushi, ya ce a yi musu uzuri, yatsu ne ba su gama saki ba.

Aka kira sunan mai burodi. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, na tela da na makaniki, wasu ma bibbiyu. Tun da aka kafa layin ba a taɓa yin zaɓen da babu ko gardama ba sai ranar, kuma kowa ya shaida aikin Jakada ne.