Murjanin Mama a Ruwan Lemun Tsami

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin auren Rahila, ƙanwar mijina ba. A Kagoma aka yi, lokacin ban daɗe da shiga dangin ba, ina ta rawar kai in burge surukata, wadda kowa ke kira Mama.

Mama tana da sarƙar murjani ja wur, gadon uwarta, kuma duk ɗiyar gidan da ita take shiga coci ranar aurenta. Da aka fito da ita, bakina ya ƙi zama lafiya (malamar kimiyya ce ni a Kafanchan, kuma ba na bari a manta). Na tara mata ina bayani: murjani ba dutse ba ne, ƙashin wasu ƙananan halittun teku ne, danginsa ɗaya da ɓawon ƙwai. Aka yi ta "Kai, Madam!" Kaina ya kumbura.

Sai na ga kamar ya ɗan dushe. Na faki ido na kai shi ɗaki, na matse lemun tsami a kofi na jiƙa shi, yadda muke wa ɗankunne. Ni ɗin nan da ke nuna wa ɗalibai yadda tsami ke cinye ɓawon ƙwai! Har na ga yana kumfa, na ce datti ne ke fita.

Can na tsamo shi. Ya koma fari-fari, ga kaushi, kamar an barbaɗa masa garin rogo. Garin neman gira na rasa ido. Ina tsaye da kofi a hannu Mama ta shigo. Na zube ƙasa, kuka ya ƙwace mini.

Ta dubi murjanin uwarta ta daɗe, har na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Tashi. Kawo man kaɗe, rufe ƙofa."

Muka zauna muna murza shi ƙwaya-ƙwaya. Ja ya dawo, amma sheƙin ya tafi ke nan.

Washegari ana ɗaura wa amarya sarƙar, gwaggonta mai ido kamar shaho ta ce, "Wannan murjani ya canja fa." Na fara neman inda zan nutse.

"Ya tsufa ne, kaman ni," in ji Mama. "Yarinya na ne ya zauna ya shafa mashi mai. Ku gode mashi."

Haka mata suka juyo suna yi mini godiya, ni kuwa ina amsawa kaina a ƙasa. Wallahi da duka aka yi mini da ya fi sauƙi.

Har yau ko ɗanta ba ta faɗa wa ba, kuma ban san da bakin da zan gode mata ba. Na dai koyi barin ilimina a jaka in na je biki. Ita kuma duk sanda ta tsinko mini lemun tsamin gidanta, sai ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Madam, wannan na sha ne."